Na ƙara wa alarmar motata rada, ga abin da na gani cikin wata 8 a Damagaram

Salamu alaikum ƴan'uwa. Tun watan Mayu nake son in yi wannan rubutu amma na ce bari in bari abin ya ga zafi ya ga damina ya ga hunturu tukuna, don kar in yaba kaya tun ranar farko daga baya in zo ina janye magana. Yanzu wata 8 ke nan da na sa wa motata wannan ƴar na'urar da masu wutar mota ke ce ma rada, wadda ke jin motsin mutum in ya matso kusa da mota tun kafin ya taɓa ta.

Abin da ya kai ni ga sayenta ba wani gayu ba ne. Ran wata Alhamis cikin watan Afrilu na je Kasuwar Dole ɗaukar kaya, kun san yadda Alhamis take a nan, ga cinkoso ga rana, zafi ya haura 42, in ka rufe gilashi ruf ka dawo sitiyari ma ba ya taɓuwa. Sai na bar gilashin baya a buɗe kamar yatsa huɗu don iska ta riƙa shiga, na danna telekomandi alarma ta yi ƙyat ƙyat na tafi hankalina kwance. Ban yi minti 20 ba na dawo, jakata da ke kujerar baya babu ita, ciki akwai ƙaramar wayata da takardun mota da kuɗin wani bawan Allah da ya ba ni in kai wa iyalinsa Mirriah. Mota tana nan a kulle, ba a fasa komi ba, alarma ba ta ce uffan ba. Wallahi kuɗin mutanen nan ya fi komi ci mini rai, don sai da na ranta na biya, takardu kuwa na yi sati uku ina zirga-zirga kafin in sake samu.

Da na kai ƙorafi wajen mai wutar mota na ce alarmar nan ta lalace, sai ya ce Alhaji lafiyarta lau, aikinta ne ba ka sani ba. Alarmar da akasarinmu muke sawa abu biyu take ji, buɗe ƙofa da kuma duka, wato in an bugi mota ko an fasa gilashi ta girgiza. Wanda ya zura hannu ko ƙugiya ta gilashi a hankali bai buɗe ƙofa ba bai bugi komi ba, to da me za ta gane shi. Haka mai kwance madubi a hankali da turnabis. Nan ne ya ce akwai rada.

Ita radar ƙarama ce, ba ta kai kwalin ashana biyu ba, baƙar roba, da fil huɗu, wato wayoyi, da ƴan ramuka biyu na juyawa da fitila ƴar mitsitsiya. Aikinta shi ne tana watsa wani siginal irin na rediyo mai ƙarfin gudu a kewayen inda take, siginal ɗin ya bugi abu ya dawo mata, in abin a tsaye yake ba ruwanta, in kuwa yana motsi sai abin da ya dawo ya ɗan canza, ta nan take ganewa. Kamar dai yadda odar babbar mota ke canza murya a kunnenka lokacin da take tahowa da lokacin da ta wuce ka a kan gudoro. Siginal ɗin yana ratsa gilashi da roba da yadi da soson kujera, amma ba ya ratsa ƙarfe, kuma wannan maganar ta ƙarfe ku riƙe ta don ita ce ta kusa sa in jefar da abin. Da'ira biyu gare ta, ta waje wadda in mutum ya shigo cikinta alarma za ta yi ƴar gajerar ƙara ta gargaɗi kawai, da ta ciki wadda in hannu ya shiga sai jiniya gaba ɗaya da fitilu. Ɗaya daga cikin sanannu irin wannan ita ce 508D ta kamfanin da ke yin alarmar Viper a Amurka, amma ni tawa ba ita ba ce, ƴar Sin ce marar suna da aka kwaikwayi waccan, wani ɗan'uwana ya taho mini da ita daga Kano, da na lissafa kuɗin Naira ya kama wajen jika 9. Akwai wani iri kuma mai ƴan kunnuwa biyu da ake maƙalawa gefen gilashin gaba, wannan da sauti yake aiki wanda kunnen mutum ba ya ji, shi sai an rufe gilashi duka yake da amfani kuma ba ya jin abin da ke waje, don haka ni bai yi mini ba tunda matsalata buɗaɗɗen gilashi ce.

To wajen sawa ne na sha wuya. Na farko da na kai wa, ba zan faɗi garejinsa ba, cikin minti 30 ya ce an gama, ya karɓi jika 5. Ya cusa ta ƙarƙashin sitiyari ya ɗaure da ƙarfen wurin, ya murɗe wayoyi da hannu ya naɗe da baƙin sikoci, ya juya ramukan nan biyu har ƙarshe wai don ta ji da kyau. A garejin da ya wuce ta gefen direba ta yi kuka, na ji daɗi na biya na tafi.

Daren farko ban yi barci ba, maƙwabta ma ba su yi ba. Ni a Birni nake, kun san lungunanmu, in ka aje mota sauran hanyar da ta rage da ƙyar amalanke ke wucewa, kowa dole ya bi ta jikin mota. Mai shayi ya tashi zai tafi gida, jiniya. Akuya ta zo ta kwanta gindin taya, jiniya. Da asuba masu zuwa masallaci kowane ɗaya sai ta yi masa ihu, ba ƴar ƙarar gargaɗi ba fa, cikakkiyar jiniya ta sakan 30. Bayan an sallame wani dattijo maƙwabcina da nake jin nauyinsa ƙwarai ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce ɗana, motar nan taka ko aljanu ne suka shige ta, jikata jinjira ba ta runtsa ba jiya. Na ce Baba a yi haƙuri in sha Allah yau za a gyara. Kunya ta kama ni sosai. Kuma abin haushin shi ne ta gefen direba tana jin mutum tun daga nesa, ta gefen mai zaman banza da baya kuwa inda aka yi mini satar, na zura hannu har kafaɗa ta gilashi ba ta ce komi ba, saboda ƙarfen da ya jingina ta da shi ya tare siginal ta wannan ɓangaren. Kwana huɗu a haka, ran na biyar na zo tada mota da safe batir ya ce bai san zance ba, dama ya ɗan tsufa ga jiniya dare da rana, sai da yara suka tura ni.

Na koma wajensa ya ce ai kayan Sin ne haka suke, in kawo ta asali. Na kusa yarda.

Wani abokina direban asibiti ne ya ce kafin ka jefar kai wa wani yaro da ke wajen hanyar Tanout, ya yi karatun lantarki kuma yana da haƙuri. Wallahi yaron nan bai fi shekara 25 ba amma aikinsa na manya ne. Abu na farko da ya yi bai taɓa mota ba, ya ce in ba shi takardar da ta zo cikin kwalin radar da ta alarma, ya zauna kan benci ya karanta, sannan ya ɗauko miltimetir. Da ya kwance sikocin nan sai ya kira ni ya ce Alhaji zo ka gani da idonka. Fil kore da fil shuɗi an haɗe su wuri guda an kai su kan layin jiniya, alhali kore shi ne na da'irar waje mai gargaɗi, shuɗi shi ne na ciki, shi ya sa ko kaza ta gifta sai cikakken ihu. Ja shi ne pulus na bolt 12 kuma an ja shi kai tsaye babu fuzibil, wanda in waya ta goge ta taɓa jikin mota wuta ce za ta tashi. Baƙi kuwa mas ne, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, an ɗaura shi jikin ƙarfen mota, ke nan radar tana aiki awa 24 ko ina tuƙi. Shi sai ya mai da baƙin kan wani fil na alarma mai ruwan lemo wanda ba ya ba da mas sai an kulle mota da telekomandi, don haka in na buɗe radar ta mutu, in na kulle ta farka. Ya ce amma kar in ɗauka launin nan haka yake a kowace alarma, kowane kamfani da nasa, takarda ce ke raba gardama. Ya kuma sa ƴan diyod guda biyu 1N4007 saboda radar da na'urar jin duka layi ɗaya suke shiga cikin alarma, diyod ɗin ke hana siginal ɗin ɗaya komawa cikin ɗaya. Duk inda ya haɗa waya sai ya narka dalma ya like sannan ya rufe, ya ce hanyoyinmu da ƙura da girgiza waya murɗaɗɗiya ba ta shekara.

Wurin ajewa kuma ya ciro ta daga ƙarƙashin sitiyari ya kai ta tsakiyar mota, ƙarƙashin robar da ke tsakanin kujerun gaba daf da birkin hannu, fuskarta na kallon sama, ya manne ta ya ƙara ɗaurewa don kar ta yi rawa, don in ita kanta tana motsi to a wurinta duniya ce ke motsi. Ya kwashe tsabar kuɗi da makullai da nake zubawa a ƴar aljihun wurin ya miƙo mini ya ce daga yau ƙarfe ba ya kwana a nan.

Daidaitawa ita ta ci lokaci, fiye da awa ɗaya. Ya ce mu fitar da motar daga gareji zuwa fili inda ba ƙarfe ba mutane. Ya mai da ramukan biyu can ƙasa, ya riƙa juyawa kaɗan kaɗan da ɗan siririn turnabis, in ya juya sai mu rufe ƙofa mu ja baya mu jira kamar sakan 15 ta natsu, sannan ya sa yaronsa ya tako a hankali, ya wuce kamar mai wucewa, ya dawo ya tsaya ya leƙa gilashi. Fitilar kore na kamawa in an shiga da'irar waje, ja in an shiga ta ciki. Ya tambaye ni ina nake kwana da motar, da na ce lungu cikin Birni sai ya ce to ba za mu bar ta ta fita waje da yawa ba, ya tsai da ta yadda mai wucewa ko da rigarsa na gogar mota ba ruwanta, sai wanda ya tsaya ya kawo fuska ko hannu kamar taƙi ɗaya daga gilashi sannan ta yi ƙyat ƙyat ƙyat. Ta ciki kuma sai hannu ya wuce gilashi zuwa gwiwar hannu. A tawa in ka taɓa ɗaya ɗayar ma tana ɗan gocewa, sai da ya koma kan kowace sau uku ko huɗu, kuma ya gwada ƙofa huɗu duka. Ƙarshe ya cire kan batir ya auna wutar da mota ke sha tana kulle, ya nuna mini 31 a miltimetir, ya ce in dai bai wuce miliyampa 50 ba babu damuwa. Jika 7 ya ce, na ba shi 10 da zuciya ɗaya.

Daga ranar lungunmu ya samu lafiya. Kuma ƴar ƙarar gargaɗin nan ita ce abin da na fi so a duk na'urar, fiye da jiniyar ma. Jiniya a garin nan kowa ya saba da ita, in ta tashi ba mai ko waiwayawa, amma mutum ya sunkuyo yana leƙen kujerar baya mota ta yi masa ƙyat ƙyat a fuska, sai ka ga ya zabura ya dubi hagu da dama yana zaton mai ita na kallonsa. Na gani da idona gab da Babbar Salla, ina cikin wani butik a Zango ina hango motar ta ƙofa, wani saurayi ya zo ya wuce ta ya dawo ya jingina kamar mai jiran wani, ya fara sunkuyawa wajen gilashin baya da na bari a buɗe kaɗan, tana yin ƙarar sai ya miƙe ya gyara hula ya bi ta cikin masu kabu-kabu ya ɓace. Ban ce ɓarawo ba ne, Allah Ya san zuciyarsa, amma dai bai sake jingina ba. Yaran unguwa da ke mai da bayan mota wurin zama da zane da ƙusa su ma sun rage, ko da yake kwanakin farko wasa suka mai da ita, su matso ta yi ƙara su ruga suna dariya, sai da ta gundure su.

Yanzu ga inda take da aibi, don ba zan ɓoye ba. Ruwan sama mai ƙarfi yana ruɗa ta. A watan Agusta da aka yi ruwa da iska cikin dare, ruwan da ke kwarara kan gilashi ta ɗauke shi motsi ta yi ta gargaɗi, sau ɗaya ma har jiniya. Sa'ar da na yi alarmata in layi ɗaya ya tashe ta sau uku a jere tana yin watsi da shi na wani lokaci, to da wannan aka samu barci. Daga baya yaron ya sa mini ɗan maɓalli a ɓoye kan jan fil, in na ga hadari ya haɗu sai in kashe radar in bar sauran alarma na aiki, wannan ku ce a sa muku tun ranar farko. Sannan abin tare ranar nan mai ƙyalli da muke shimfiɗawa a gilashin gaba, ashe da ɗan ƙarfe a jikinsa, yana tare siginal ta gaba, kuma in gilashi na buɗe iska na kaɗa shi sai jiniya ta tashi tsakar rana ba kowa kusa, na yi kwana uku ina neman dalili kafin in gane, yanzu na kwali nake sawa. Wani abokina mai baƙin gilashi irin mai ƙyallin ƙarfe shi kuma da'irar waje ta ƙi fita sam, ta ciki kawai ke masa aiki. Da sanyi ya shigo a Disamba kuma na lura ta ƙara jin nesa ba tare da an taɓa ta ba, masu wucewa da asuba suka fara samun gargaɗi, sai da na koma aka rage ta kaɗan, minti 10, bai karɓi ko dala ba. Ina zaton in zafi ya dawo sai an sake ƙara ta.

Dabbobi kuwa, akuya da tunkiya in suna ƙasa ba ta cika jinsu ba tunda ƙofar mota ƙarfe ce ta tare, amma ran da wani rago ya ɗora ƙafafun gaba kan ƙofa yana leƙen buhun dusa ta yi masa gargaɗi. Jaki da saniya da raƙumi tsayinsu ya kai gilashi, in za ka aje mota kusa da kasuwar dabbobi gara ka kashe ta.

Kuma kar wani ya ɗauka ta tsare komi. Ba ta gani ta cikin kapo, mai satar batir in ya san yadda zai buɗe daga ƙasa ba lalle ta ji shi ba, wannan sai an sa maɓallin kapo daban, ni na sa nawa jika 2. Ba ta jin mai kwance taya yana tsugune. Masu Hilux da ke tambayata ko za ta tsare kayan da ke baya, a'a, bangon ƙarfe ne tsakani, ta ɗan tagar baya kawai siginal ke fita. Masu babur ma na ji wasu na son sawa, ban ba da shawara ba, babur a fili yake ba abin da zai tare da'irar, duk mai wucewa zai tashe ta, ga batir ƙarami.

In ka tambaye ni ko in saya, zan ce in kana barin gilashi a buɗe saboda zafi ko kana aje mota a kasuwa da tasha da bakin asibiti, saya, lokacin da na saya kuɗinta bai kai na madubi ɗaya na gefe ba. In motarka gareji take kwana cikin gida kuma daga gida sai buro mai gadi, ba ka buƙata. Amma ka nemi mai biyu, ta waje da ta ciki, akwai mai da'ira ɗaya fil uku da ake sayarwa da araha, wannan ba ta da gargaɗi sai jiniya kawai. Ka duba kuma alarmarka tana da layin gargaɗi, in babu to sai an haɗa kore da wata ƴar ƙaramar oda daban. Kuma ka tsaya a kan mai sawa har a gama, ka zura hannunka da kanka ta gilashi huɗu kafin ka biya, ka gaya masa inda motar ke kwana. Ni duka-duka da kuɗin na farko da ya tafi a banza da maɓallai biyu na kashe wajen jika 27, ban da sabon batir.

Wanda ke cikin Damagaram yana son ya ga yadda take aiki kafin ya saya, ran Alhamis bayan la'asar ina wajen Dole, farar Corolla ce, ka matso gilashin baya na dama za ka ji ta.